Wayar da Na Kulle a Adaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da yatsunki za su hau kan waɗannan kalmomi kin riga kin ƙetare gada kin wuce Kusuri lafiya. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sauke ki Ngaundere cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar da za ki.

Kada ki yi mamakin samun wannan wasiƙa a cikin na'urarki. Da kika bar ta yau da safe a shagon Malam Sabo don ya kwashe karatunki ya ajiye, na biyo sawunki da hantsi na zauna kan bencinsa. Ina faɗa yana bugawa a ordinatar, wadda shi yake ce wa kwamfuta don shi mutumin Najeriya ne. In mun gama zai tura miki cikin na'urar ta wayar haɗi kafin ki dawo karɓa. Na ce ya sa mata suna "Bayan gada", na kuma san ba za ki buɗe ba sai an ƙetare. Na gaya masa kada ya gyara mini baki. In kin ji magana ta karkace, tawa ce.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kunnenki ya fi idona sanin abin da ke gidan. Kurakuraina zan faɗa miki. A gabanki bakina ba ya iya furta su, sunan mahaifiyata gare ki, mutum kuwa yana jin nauyin uwarsa ko da shi ya haife ta.

Shekarar da aka karya sefa, wadda kowa ya kwana da kuɗinsa ya tashi da rabinsu, a cikinta ƙyanda ta shigo unguwarmu Amrigebe ta tafi da idanunki. Kina shekara biyar. Na ce ƙaddara ce, kuma ita ce, sai dai na ɗora mata nawa a kai. Shekara uku na ajiye ki a tsakar gida kamar randa, kada ki fita, kada ki yi tuntuɓe. Ranar da Misiye Toma ya zo, malamin makarantar makafi, shi ma makaho, ya dogara sandarsa har ƙofarmu, ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. Na ce masa mu zuriyar alhazai ne, 'yarmu ba ta zuwa lekol, makarantar boko. Ya ce da ni da Larabci, "Abba Haladu, kakanninka daga Haɗeja suka tako da ƙafa, kai kuma layi uku ka hana 'yarka takawa?" Na rufe ƙofa. Mahaifiyarki ce ta riƙe hannunki ta kai ki, ni kuma na yi wata guda ina cin tuwonta ba na yi mata magana.

To, inda za ki, za ki sami masu tausayi irina. Za su ce zauna a kawo miki, zauna a yi miki. Ki gode musu da kyau, sannan ki tashi. Mai tausayin da ya zaunar da ke bai san yana cutar ki ba, shi ya sa ya fi mugu wuyar tsere wa.

Shekarar da kika shiga lise, wato sakandare, Misiye Toma ya ba ki na'urar nan. Tun a lokacin tsohuwa ce, wani makaho can ƙasar Turawa ya gama cin amfaninta aka aiko da ita. Da na gan ta, maɓallai shida da dogo ɗaya a tsakiya, ga layin ƙananan ƙusoshi suna tasowa suna komawa ƙarƙashin yatsa, ba fuska irin ta talabijin, na ce rediyo ce da ta lalace. Sai kika danna, ta yi magana da Faransanci ta hanci, kajin gidan suka watse.

Matsalar ita ce malamanki na lise ba sa karanta rubutun makafi. Dole abin da kika rubuta ya fita daga na'urar ya shiga ordinatar, a buga shi da tawada, kafin su duba. Wayar haɗa su kuwa ba ta zo tare da ita ba. Misiye Toma ya ce a yi haƙuri, zai sa a nemo irinta, don ba kowace waya ke yi ba. Ni kuwa shekara arba'in ina sayar da ƙusa da kwaɗo da ƙarfen ƙofa a Babbar Kasuwa, in na kalli rami sau ɗaya na san ƙusar da za ta shige shi. Na ƙirga ramukan bayan na'urar, tara. Na zaga layin masu kayan lantarki, kafin azahar na dawo da waya mai baki tara nan, tara can. Ta shiga daram kamar don ita aka ƙera ta. Na kalli mahaifiyarki na ce, "Ga abin da mai lekol zai sa a jira wata guda."

Muka kai shagon Malam Sabo aka haɗa. Shiru. Kika tura, ba abin da ya fito. Na ce ordinatar ɗinsa ce ta tsufa. Washegari na ce wutar gari ce ba ta da ƙarfi. Rana ta uku na ce na'urar ce matacciya aka yaudare mu da ita. Kullum kina cewa, "Baba, ko dai wayar ce?" ina cewa, "Ke da ba ki gan ta ba?" Allah Ya yafe mini wannan kalma. Mako biyu muka yi a haka, har malamin tarihi ya sa miki sifiri a aikin da kika gama tun ranar farko yana zaune cikin na'urar.

Misiye Toma ne ya karɓi wayar ya kai wa wani mai gyaran rediyo ya auna ta. Da ya dawo ya zauna, wannan karon a kan tabarma, ya ce, "Abba Haladu, a cikin wayar nan akwai zare na faɗa da zare na ji. Taka ta haɗa baki da baki, kunne da kunne. Biyun suna ta magana, ba mai sauraro." Mai gyara ya farke kan wayar ya sauya zare biyu, bakin wannan ya je kunnen wancan. Aka haɗa, rubutunki ya zubo a fuskar ordinatar kamar an buɗe famfo. Bayan Misiye Toma ya tafi mahaifiyarki ta ce, "Baki da baki, ba mai sauraro. Malam, ashe wayar ma gadonka ta yi."

Kama da wane ba ta wane, Uwata. Wayar da ke jakarki ita ce wannan da aka gyara, na ɗaura mata jan ƙyalle mai kulli uku don ki gane ta da hannu. Kada ki ba da aronta. In wani ya ce ga tasa iri ɗaya ce, ki ce kin gode. Malam Sabo ya ce sababbin ordinatar ba su da baki tara ɗin nan sam, shi ya sa ya nemo miki ɗan guntun nan mai haɗa tsohon baki da sabo. Shi ma kada ya kwana a hannun kowa. Kuma ke za ki riƙa sa ta da kanki. Mai ido yana da gaggawa, in ta ƙi shiga sai ya danna da ƙarfi, fil ɗaya kuwa in ya lanƙwashe an gama.

In an haɗa kika ji shirme na fitowa, kada ki bari a ce na'urarki ce. Ki ce a duba gudun maganar na'ura da na ordinatar, dole ya zo ɗaya. Dubu tara da ɗari shida, takwas, babu, ɗaya. Ban san abin da suke nufi ba har yau, amma na ji kina faɗa wa Malam Sabo sau uku, abin da kuwa ya shiga kunnena sau uku a wancan zamani ba ya fita. Na san kin sani. Na faɗa ne don ki san ina sauraro, ko da ban nuna ba.

Akwai kuma ranar takarda. Kin tuna da aka ce na'urar za ta iya tura rubutu kai tsaye zuwa injin bugawa, ba sai an bi ta ordinatar ba. Na ce ki buga mini wani abu in kai kasuwa in nuna. Na tsaya a kanki ina azalzala, "Yi sauri, rana na yi." Inji ya yi ƙara ya fito da takarda cike da baƙi, na naɗe ta na sa a aljihun gaba, na tafi ina taku ɗai-ɗai. A rumfarmu na tara mutane, na miƙa wa Alhaji Bukar mai fenti, wanda ya yi lekol, na ce, "Karanta musu abin da makauniyata ta rubuta." Ya duba, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. Ya ce, "Haladu, wannan ba Faransanci ba ne, ba Larabci ba. Kaza ce ta faɗa tawada ta bi ta kai?" Rumfa ta ɗauki dariya har masu ɗaukar kaya.

Na dawo shagon nan na zazzage wa Malam Sabo buhun rashin mutunci a gaban masu jiran aiki. Na ce injinsa na bola ne, na ce ya zo daga ƙasarsu ya cuci marasa karatu. Ashe ke a gajarce kike rubutu, irin na makafi, alama ɗaya ta tsaya wa kalma guda, kuma sai an ce wa na'urar ta warware shi kafin ta tura. Azalzalata ce ta sa kika manta. Ga Malam Sabo nan yana bugawa yana murmushi. Rubuta, Malam Sabo, na ce ni na yi kuskure. Ka adana, don ba za ka sake ji ba.

Saboda haka duk abin da za ki buga, ki fara da shafi ɗaya. Ki sami wanda kika yarda da shi ya karanta miki layin farko da na ƙarshe da babbar murya, sannan a buga saura. Takardar da ba ki ji da kunnenki ba kada ta je hannun malami. Kuma kada ki bari kowa ya tsaya a kanki yana cewa yi sauri, ko da ubanki ne.

Waɗannan duk ƙanana ne. Yanzu zan zo kan wanda ya sa na zauna a bencin nan.

Kin san kiran hanya, kin taso kina jin sa, amma ban taɓa gaya miki yadda ya zo hannuna ba. Kakana ya taso daga ƙasar Haɗeja da ayari, da niyyar Makka, a ƙafa. Suka biyo ta Nguru, suka ratsa Barno, Dikwa, Gambaru, Afade, har Kusuri. Da suka ƙetaro ruwa zuwa garin nan, lokacin ana ce masa For Lami, guzuri ya ƙare, aka ce a yi damina ɗaya a ci gaba. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. Wasu sun wuce gabas, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Duk ranar Arfa, lokacin da alhazai ke tsaye a can, mu sai mu taru a tsakar gidanmu, mai kira ya tashi tsaye ya fuskanci gabas, ya kira zango-zango: wa ya rasu a nan, wa aka haifa a can, wa ya juya. In ya kira suna, jama'a su ce, "Allah Ya isar da shi." Kakana ya ba ubana, ubana ya ba ni, baki da baki, ba a taɓa rubutawa ba. Tsofaffinmu sun ce muddin ana kiran su a tsaye, suna kan hanya, niyyarsu ba ta yanke ba.

Ke kika fara cewa a rubuta. Na ƙi. Kika yi ta bi na a hankali, irin bin da uwata take yi, har na yarda bisa sharaɗi: a cikin na'urarki kawai, tunda ba mai ido da zai iya karantawa. Damina guda muka yi, kullum bayan la'asar, ina faɗa kina dannawa. Ba sunaye kaɗai ba, har abin da ba a faɗa ranar Arfa: wadda ta haihu a gindin tsamiya ta tashi ta bi ayari, wanda ya sayar da rigarsa ya sayi jaki jakin ya mutu kwana biyu. A lokacin kaina garau yake, ko ɗaya ban tsallake ba.

Da muka gama kika ce, "Baba, mu kai wa Malam Sabo ya ajiye a ordinatar, a kuma sa a faifan disket. Misiye Toma ya ce ƙaramin batirin da ke riƙe mata tunani ya mutu, in babban ya ƙare ƙaf, komai zai goge." Kika ƙara da cewa ta intanet ma ana iya aikawa, wataƙila a dace da jikokin waɗanda suka wuce gabas.

Na ce, "Sunan kakata ya shiga akwatin da samari ke kallon ƙwallo da hotunan banza? Kuma in an buga a takarda, wa zai sake zuwa ranar Arfa? Kowa sai ya karanta a ɗakinsa yana kwance."

Kika ce, "To, karatuna fa?"

Na ce, "In waya ta haɗu, wa ya san abin da zai bi ta ciki?"

Na karɓi wayar na sa a adakata na kulle. Na ce duk ranar da za ki buga aikin makaranta, ni zan kai ki, in tsaya, in dawo da ita. Haka muka yi ta yi. Aiki ɗaya ake turawa, in zare waya. Karatunki na shekara uku, wanda kike shirin jarrabawar bak ta gama lise da shi, bai taɓa samun wurin kwana na biyu ba, saboda ni.

Sai ranar Asabar ɗin nan da bindigar 'yan tawaye ta shigo gari. Ba sai na ba ki labari ba, kina ciki. Da aka sami sarari muka bi jama'a zuwa gada, ke kin rungume na'urar a ƙirji, mahaifiyarki na riƙe da gefen mayafinki. Ni na kulle ɗaki, na kulle gida, na duba kwaɗo sau biyu kamar yadda na saba. Abin cajin yana rataye a ƙusa a cikin ɗakin. A Kusuri, a gidan da aka sauke mu, kika tambaye ni shi. Na ce kwana biyu ne mu koma. Na zaga kasuwarsu, ba mai irinsa, kuma wannan karon ban yarda na sayi mai kama da shi ba. Kika kashe ta kika naɗe a zane, kina cewa wataƙila ta jure. Kwana goma sha ɗaya muka yi.

Da muka dawo, gida lafiya, ko cokali ba a ɗauka ba. Aka kawo wuta kika sa ta a caji. Bayan azahar kika kunna, ta yi gaisuwarta ta hanci kamar kullum. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallon yatsunki. Suka bi layin sau ɗaya, suka koma, suka sake bi. Sannan kika ɗora hannuwanki a cinya.

Na ce, "Yaya?"

Kika ce, "Ba komai a ciki, Baba."

Kika tashi kika je kika taya mahaifiyarki tsince shinkafa. Da kin yi kuka, da kin ce Baba kai ka ja, da na sami abin da zan yi faɗa da shi. Ba ki ce ba, har yau ba ki ce ba. Kika faɗi bak a shekarar, kika sake zama aji ɗaya da ƙannen ƙawayenki, kika bi gida-gida ana karanta miki littattafai kina sake dannawa. Na buɗe adaka na ajiye wayar a kan tabarmarki. Sai yau nake cewa: ni na ci miki shekara guda. Ki yafe mini.

Ga abin da zan gaya miki a kan wannan, ki riƙe shi fiye da sauran. Abin da yake wuri ɗaya tak, ki ɗauka ba ki da shi. Duk Juma'a ki kwashe abin da ke cikin na'urar ki sa a wani wuri, ki kuma je shagon intanet ki aiko wa Malam Sabo, ya ce zai buɗe miki wurin ajiya da sunanki. Na fahimci ita na'urar ba ta iya shiga intanet da ƙafarta, sai ordinatar ta goya ta, to ki zaɓi shago ɗaya ki saba da mai shi, mace in da hali, don duk abin da kika tura yana bayyana a gaban idonta. In kin gama ki sa a goge naki daga ordinatar ɗinsu kafin ki tashi. Abin caji kuwa, jakar da na'ura take nan yake kwana. Kada ki jira ta yi kukan yunwa, duk inda kika ji an kawo wuta ki ba ta.

Saura abu ɗaya, wanda ko mahaifiyarki ban gaya wa ba. Da na rasa abin da ke cikin na'urar ban damu da nawa ba, na ce ai yana kaina. Arfar da ta wuce na tashi tsaye na fara kira. Nguru lafiya, Barno lafiya, Dikwa lafiya. Da na zo tsakanin Gambaru da Afade sai na ji wuri fayau. Na san mutum huɗu ne suka kwanta a wannan zango, zazzaɓi ya kashe su cikin mako guda. Na kira Ɗan'azumi makiyayi. Sauran ukun na neme su na rasa. Na yi tari, na tsallaka Kusuri, jama'a suka ce Allah Ya isar da su, ba wanda ya lura. Ke kin lura, na ga kin ɗago kai. Kika rufa mini asiri. Na so in tambaye ki ko kin riƙe su tun daga waccan daminar, sai na tuna ranar da muka yi zangon kika ce sunayen sun yi miki yawa, yatsunki ne kawai ke ji. Tun daga ranar kullum ina bin hanyar a raina, daga Haɗeja har bakin ruwa, in na zo wurin sai in tarar da shi yadda na bar shi. Yanzu kuma wani suna a Dikwa ya fara yi mini rawa.

Ashe kaina ma irin na'urarki ne, ƙaramin batirin ya mutu ban sani ba.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya sanin ukun nan: Yaya Gambo, 'yar gwaggona, da ke zaune unguwar Guji wurin ɗanta. Ita a ɗakin kakarmu ta girma, wadda ta tako hanyar da ƙafarta. Kin san ba ta zuwa gidanmu, ba ki san dalili ba. Kina goye a lokacin. Ina cikin kira ranar Arfa ta ɗaga murya daga cikin mata ta ce, "Haladu, ka sa Ladi a Dikwa, a Gambaru ta rasu." Na ce mata a gaban jama'a kira na maza ne, ta riƙe tunaninta ta auna gishirin miya da shi. Ta yafa mayafinta ta ce, "Taubashi, ranar da ka nemi gishirin, ka san gidan." Shekara ashirin ke nan. Kuma a Gambaru Ladi ta rasu, tun a ranar na sani.

Ga izinina, Malam Sabo shaida ne. Abin da ya rage a kaina zan zo nan in riƙa faɗa yana bugawa, zango ɗaya kowace rana, ya aika miki ta intanet ki zuba a na'urarki. Ki ajiye a wuri uku. Ki buga a takarda in kin so. In kin sami jikokin waɗanda suka wuce gabas, ki aika musu. In jama'a sun daina zuwa ranar Arfa saboda takarda, to, gara a kira su a kwance da a rasa mai kira. In kuma babu namijin da ya tashi bayana, ke ki tashi ki fuskanci gabas. Wanda ya ce kira na maza ne, ki ce masa ubanki ya faɗi haka sau ɗaya ya ga abin da ya saya.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki. Allah Ya tsare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya buɗa miki karatu, Ya sa ki gama lafiya ki dawo ki same mu. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki gaida duk wanda ya riƙe hannunki ya ƙetarar da ke titi. Mahaifiyarki ta sa miki kilishi a ƙasan jaka, ta ce kada in faɗa.

Gobe da safe, in Allah Ya kai mu, zan raka ki tasha in ga tashin motarku. Daga nan ba kasuwa zan nufa ba. Zan sayi goro da sukari, in hau motar Guji. Na san za ta bar ni a tsaye a rana, za ta tambayi yara wane tsoho ne wannan, za ta ce ba ta ji sallamar ba in sake. Zan sake. Zan tsuguna a ƙofar ɗakinta in ce, Yaya, tsakanin Gambaru da Afade, bayan Ɗan'azumi, su wa da wa?

Wassalam.

Mahaifinki,
Haladu
Amrigebe, Njamena